Sharhi Kan Wata Cibiyar Yara Masu Buƙata Ta Musamman a Makka

Iyaye da dama daga cikin Hausawan Shari'ul Mansur sun tambaye ni game da cibiyar karatun yamma da ɗan ƙanwata, wanda makaho ne, yake zuwa bayan la'asar, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da idona ya gane mini.

A fagen karatu zalla, cibiyar ba ta fi makarantun gwamnati ba, domin sun daɗe da gogewa: an buɗe Ma'ahadun Nur na makafi a Riyad tun 1960, na kurame mai suna Amal ya biyo baya a 1964. Inda ta yi zarra shi ne ba ta barin yaro ya zauna a matsayin abin tausayi. Kowane ɗalibi yana da aikin da wani ya dogara da shi. Ɗan namu ne yake karɓar haddar ƙananan yara, wani abokinsa da yake kan keken guragu kuma shi yake karanta masa takardun da ba a mayar da su rubutun makafi na Braille ba. Da azumi na same su zaune a kan tabarma suna ƙulla dabino da ruwa a leda domin buɗa-bakin masu Umara, makahon yana ƙirga dabinon da yatsunsa, wani kurma a cikinsu yana ɗaure bakin ledar.

Tasirin wannan ya bayyana a gida. Yaron da a da yake shigewa ɗaki idan an yi baƙi, yanzu shi yake gaggauta mahaifiyarsa da cewa, "Umma, mu tafi, yarana suna jira na." Malamansu suna yawan tuna musu cewa Manzon Allah (SAW) ya sha wakilta Abdullahi ɗan Ummu Maktum a Madina alhali makaho ne, kuma na lura sun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai.

Sai dai akwai gyara. Kuɗin wata ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, motar ɗaukar yara ba ta da wurin hawa da keke, sannan taron iyaye da Larabci kaɗai ake yin sa, wanda hakan yake sa wasu iyaye mata su yi shiru ko da suna da magana. Duk wanda zai kai ɗansa, ina ba shi shawara ya tafi da mai yi masa tafinta, ya kuma tambaya tun ranar farko wane aiki za a damƙa wa yaron.