Ajin bitar jarrabawar likitocin iyali ta Zoom, daga bakin wanda ya bi shi a Gusau

Kuɗina bai tafi a banza ba, amma rabin ajin ne kawai ya amfane ni. Wasu manyan likitocin iyali ne ke gudanar da shi don masu shirin kashi na ɗaya na jarrabawar NPMCN, kwalejin horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas, ko ta WACP, takwararta ta Yammacin Afirka. Bayan isha'i ake yi, ina shiga duk daren da ba ni da aikin kwana.

Laccocin maimaicin littafi ne: hawan jini, ciwon sukari, zazzaɓin cizon sauro ga mai juna biyu. Tambayoyin da suke turowa a WhatsApp ba laifi, sai dai wasu amsoshin babu bayani.

Inda aka ci kasuwa shi ne gwajin OSCE, wato jarrabawar duba marar lafiya a aikace, inda ake bin tasha bayan tasha, kowace da aikinta. Malami ya zama marar lafiya, a saita maka agogo, 'yan mintuna a kowace tasha. Wata malama ta fito a matar da ciwon kai ya addaba wata da watanni. Duk wanda ya yi gaggawar rubuta magani bai tambayi abin da take tsoro ba, ko abin da take sa ran a yi mata, ko yadda ciwon ya taɓa zaman gidanta, nan take za ta tsayar da shi. Ashe damuwar kishiya ce da rashin barci. Wallahi, irin wannan tsayarwar ta fi lacca goma.

Abin da ya ɗan ba ni haushi shi ne zanen taswirar iyali, wato zanen da ke nuna dangin marar lafiya da cututtukansu. Misalansu duk miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu. Mu kuwa a nan magidanci mai mata uku ne zai zauna gabanka, ga auren zumunci, ga sikila a ɗaki biyu. Da kanmu muka koyi cusa wannan a takarda ɗaya. Da aka zo cututtukan muhalli ma, ba wanda ya ambaci gubar dalmar da ta kashe yara a Anka da Bukkuyum a 2010.

Sabis kuma yakan yanke ana tsakiyar gwaji. Kafin ka biya, tabbatar za a ba ka faifan kowane zama, sannan ka nemi abokan aiki biyu ku riƙa maimaita tashoshin ido da ido, ɗaya na riƙe da agogo.