Gwajin idon yara masu cutar NF1 a asibitin ido na Mando: abin da na gani

Duk uwar da ɗanta ke da tabo masu launin shayi da madara a jiki, shida ko fiye, ina ba ta shawara ta kai shi a duba masa ido tun bai yi kukan komai ba. Ni na kai 'yata mai shekara 5 Asibitin Ido na Ƙasa da ke Mando, nan Kaduna, kuma na gamsu da aikin da aka yi mata.

Likitan yara ne ya tura mu, bayan ya ga tabon da ke bayanta da cinyoyinta, da ɗigo-ɗigo a hammata. Babanta ma yana da ƙananan ƙulluttai masu laushi a wuya da ƙirji tun yana saurayi, danginsu na cewa gadon gida ne. Gadon ne kuwa, sunan cutar neurofibromatosis nau'i na ɗaya, NF1 a taƙaice. Kusan jariri ɗaya cikin 3,000 ake haifa da ita, rabi sun gada wajen uwa ko uba, rabi kuma a kansu ta fara. Abin da ya haɗa ta da ido wani ƙari ne da kan tsiro a jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Yara 15 zuwa 20 cikin 100 masu NF1 suna samunsa, galibi kafin su kai shekara 7.

Haƙurin likitar idon ne ya fi shiga raina. Yarinya ba ta iya karanta baƙaƙe ba tukuna, sai aka gwada ta da hotuna, ana rufe ido ɗaya ana tambayar ɗayan. Da ta fara ƙosawa, likitar ta bar ta ta huta sannan ta sake. A nan aka ga na hagu ya ɗan gaza na dama. Mu a gida ba mu taɓa lura ba, domin ido mai kyau yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, yaro kuma bai san akwai wani ganin da ya fi nasa ba. Can baya wani mai shagon tabarau a kasuwa ya auna ta da idanu biyu a buɗe, ya ce lafiyarta lau. Har yau abin na yi mini ciwo, don da mun tsaya a maganarsa da ba mu nemi gaba ba.

Bayan haka aka ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, aka leƙa kan jijiyar, aka rubuta mana hoton cikin kai da ake kira MRI. A wata cibiya mai zaman kanta muka yi shi. Kuɗin ya gigita mu, sai da 'yan'uwa suka sa hannu, kuma dole aka ba ta maganin barci saboda ƙaramin yaro ba ya kwanciya shiru cikin injin.

Hoton ya nuna ƙaramin ƙari a jijiyar hagu. Na fashe da kuka ina cewa, "Likita, tiyata za a yi mata?" Ta ce, "Maman yarinya, ki kwantar da hankalinki, irin wannan ba a gaggawar taɓa shi." Ta bayyana mini cewa yawancinsu ba sa saurin girma, da dama ma ba sa cutar da gani ko kaɗan. Idon ake bibiya, mu duk wata uku za mu riƙa komawa. In gani ya ci gaba da raguwa sai a fara allurar maganin ciwon daji, yawanci carboplatin da vincristine. Gasa ƙarin da haske kuwa ana guje masa a yaran NF1, saboda yana iya janyo wani ƙarin daga baya ko ya lalata jijiyoyin jinin kai. Ba ta ɓoye mini cewa ganin da ya riga ya tafi da wuya ya dawo duka ba, kuma na gode mata da wannan gaskiyar.

Ta ce mu garzayo ba jiran ranar da aka ba mu in ido ya turo waje, ko harara-garke ya bayyana, ko ta fara yawan tuntuɓe, ko alamun balaga suka fito mata da wuri.

Mai shirin zuwa ta yi sammako, ta riƙo duk takardun asibiti na baya da ɗan abin taɓawa na yaro. Maganin ɗigon yana sa gani ya dushe na wasu awoyi, hasken rana kuma ya dami ido, don haka ranar a haƙura da Islamiyya. Ƙaninta ma yana da tabo uku a kan cikinsa, likitar ta ce mu zo da shi a zuwa na gaba.