Hattara da mai sayar da littafin koyon Python da Hausa: ya ci min naira 25,000

Jama'a, raina a ɓace yake, kuma kunya ce ta hana ni magana tun makon jiya. Naira 25,000. Kuɗin da na tara a shagon ɗinki, ina cire dubu ɗaya, dubu biyu, na miƙa wa wani a WhatsApp saboda ya ce yana da cikakken littafin koyon Python (yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi) da Hausa, daga farko har ka iya gina manhaja.

Kada wani ya ce ban bincika ba. Na bincika. Na ce ya turo min samfuri, ya turo shafi biyar na farko, tsaf da su, Hausa mai kyau. Na tambaye shi ko ya gwada kod ɗin da ke ciki, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Ya turo saƙon murya: "Wallahi Malam, layi-layi na gwada shi da hannuna, ni ma da shi na koya." Wannan wallahin ce ta kama ni. Har yanzu ina sake sauraronta. Mutum ya rantse da Allah, ya kira ka Malam cikin ladabi, me za ka ce? Nan take na tura 15,000.

Dubu goman daga baya ne, bari in zo kanta. Daren da ya turo fayil ɗin na buɗe kwamfuta, ƙanwata na gefe don tare za mu koya. Misalin farko, an rubuta print, umarnin nuna rubutu a allo, ba tare da baka biyu ( ) da Python 3 ke buƙata ba. Na kwafa yadda yake, sai jan rubutu, SyntaxError, wato akwai kuskure a rubutun kod ɗin. Na goge na sake, na sake, har ƙarfe ɗayan dare ina zargin kaina da kwamfutata. Ashe Python 2 ne a littafin, tsohon nau'in da aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, alhali Python 3 ya fito tun 2008. Ko'ina raw_input, umarnin karɓar rubutu daga mai amfani, abin da babu shi sam a Python 3.

Wannan ma da sauƙi. Tazarar farkon layi, wadda Python ba ya aiki idan ta lalace, duk ta goge, kowane layi ya manne a gefen hagu. Daga shafi na shida Hausar ta koma fassarar inji: string, wanda a Python ke nufin rubutu, ya zama "igiya", har cikin kod an mayar da kalmar umarni if "idan". Wace kwamfuta ce za ta karanta haka? Babi na 7 babu shi, na 6 ne aka maimaita. A wani wuri an ce duba shafi na 140, littafin kuwa a 96 ya ƙare.

Tun kafin in gano zancen Python 2 ɗin ne na yi masa ƙorafi, ina jin ranar Talata, ko Laraba. Ya ce afuwan Malam, tsohon bugu ya turo bisa kuskure, gyararren yana nan amma sai na cika 10,000. Na riga na zuba 15,000, ina so in ceci kuɗina, kuma muryar nan dai ce mai ladabi. Na tura. Fayil ɗin da ya zo shi ne na farko, bango kawai aka canza. Na kira, ba a ɗauka. Da safe ya toshe ni.

15,000 da 10,000. Naira 25,000, ga data, ga dare uku ba barci, ga ƙanwata da ta ce ita ta haƙura da koyon, wai kanta ne ba ya ja. Wannan ya fi kuɗin yi min ciwo.

Hotunan hirarmu, rasit biyu na banki da saƙon muryar duk suna wayata, zan ɗora su da yamma in na tashi daga shago.

Kada ku biya sai an ba ku shafi daga tsakiyar littafi kun gwada kod ɗin da kanku. Bayanan Python na asali kyauta suke a python.org. In ya turo muku tallan nan, kada ku tura ko sisi.