Huawei P60 Pro a Banex: kyamara ta gani ta faɗa, amma babu Google

Wanda ya shiga Banex Plaza a Wuse 2 neman waya mai kyamara, da wuya ya wuce P60 Pro. Hoton dare tangaran yake fita, batirinta 4815mAh ne, cajarta 88W. Sai dai kafin ka ciro kuɗi, buɗe ta ka nemi Play Store. Babu.

Tun watan Mayun 2019 gwamnatin Trump ta hana kamfanonin Amurka cinikin fasaha da Huawei sai da lasisi, kan zargin barazanar tsaro. Google ta janye. Abin mamaki, Qualcomm, wani kamfanin Amurka, ta samu izinin ci gaba da sayar wa Huawei ƙwaƙwalwar waya a lokacin, muddin 4G ce. Shi ya sa wannan babbar waya ba ta da 5G, siyasa ta ci rabonta, kasuwa ta ci nata.

A aikace ga inda take ciwo. WhatsApp zai yi aiki, amma tsofaffin hirarrakinka da ke Google Drive ba za su dawo kai tsaye ba, sai ka kwashe su daga tsohuwar waya da Phone Clone, manhajar Huawei ta kwashe bayanai zuwa sabuwar waya. Wasu manhajojin banki da na kiran mota sun dogara da Google wajen taswira da sanarwa, don haka kuɗi ya shigo wayar ta yi shiru. GBox, manhajar da ke ba ka damar amfani da manhajojin Google a wayar Huawei, na rage zafi, amma tana cin batir.

Ka sa mai shago ya saka manhajar bankinka a gabanka, ka gwada tura naira ɗari kafin ciniki ya faɗa.