Kafin ka saya wa na'urar kiɗan motarka sabon faifai

Na'urar kiɗan mota mai faifan ajiya (hard disk) a ciki ba kasafai take mutuwa farat ɗaya ba. Da farko waƙa ce za ta sarƙe a tsakiya, ta yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta ci gaba. Bayan kwana biyu sai ka ga ta tsallake wasu waƙoƙi kamar ba ta san da su ba. Ana nan sai wata safiya ka kunna mota allo ya rubuta maka cewa ba a ga faifai ba, ka kashe ka sake kunnawa ta tashi lafiya lau. A wannan gaɓar ce yawancin mutane ke garzayawa neman sabon faifai, kuma a nan ne da yawa ke zubar da kuɗinsu a banza, domin sau tari faifan ba shi da laifin komai.

Na'urorin da nake magana a kansu iri-iri ne. Akwai empeg da aka fara fitarwa a Ingila a 1999, wadda daga baya ta koma Rio Car, tana aiki da Linux kuma tana ɗaukar faifai har biyu. Akwai PhatBox da 'yar uwarta Music Keg ta Kenwood, masu faifai a cikin kwanso da ake zarowa a kai ɗaki a zuba waƙa. Sai waɗanda suka zo da motar tun daga kamfani, irin MyGIG na Chrysler da CIC na BMW. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne faifan laftof mai inci 2.5, na tsohon yayi, mai mahaɗar IDE mai haƙora 44. Riƙe wannan adadin, domin faifan SATA da ya cika kasuwa yanzu ba zai shiga wannan mahaɗar ba ko da ka haɗa da addu'a.

Mota kuwa ba wurin zaman faifai ba ce. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau dubu huɗu da wani abu a minti ɗaya, ga allurar karatu tana shawagi a kansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kowane rami da taya ta faɗa, kowace gargada, allurar nan tana ji a jikinta. Ga zafi. Faifan laftof na yau da kullum an ƙera shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 55 a ma'aunin Selshiyos, alhali cikin dashbod ɗin motar da ta wuni a rana yana iya zarce haka. Shi ya sa Toshiba da Hitachi suka ƙera faifai na musamman don mota, irin Endurastar na Hitachi, masu jure sanyin digiri 30 ƙasa da sifili har zuwa zafin digiri 85.

Duk da haka, kada ka yanke wa faifai hukunci ba ka saurari shaidu ba. Ni ganau ne. Na taɓa sayen wani faifan, na ɓata yini guda ina kwafe waƙoƙi, na ɗaura, na mayar da kusoshi, na kunna, sai ga saƙon nan dai bai ko canza harafi ba. Da na sake buɗewa na sa yatsa na danne kebul ɗin nan mai faɗi da ke haɗa faifai da na'ura a daidai inda ya cije mahaɗa, nan take na'ura ta ga faifai. Na ɗaga yatsa, ya ɓace. Shekarun girgiza ne suka sassauta cizon, tsohon faifan kuwa lafiyarsa ƙalau, har yau yana cikin durowa yana harara ta. A wasu na'urorin ma ba kebul ɗin ba ne, dalmar da ta riƙe haƙoran mahaɗar a jikin allon lantarki ce ke tsagewa, tsagar da sai da gilashin ƙara girma za ka gan ta. Alamar wannan ciwo ita ce zuwa da tafiya: yau a ga faifai, gobe a rasa, ko kuma sunan faifan ya fito a allo da haruffa a hargitse.

Shaida na biyu wuta ce. Lokacin da kake tayar da mota, ƙarfin batir mai bolt 12 yakan faɗi ƙasa na ɗan lokaci, idan batirin ya tsufa har ƙasa da bolt 10. Faifai kuwa a daidai lokacin fara juyawa ya fi jan wuta. Idan kuskuren ba ya fitowa sai da sassafe ko a lokacin tayarwa, amma da inji ya kama ka kashe na'urar ka kunna sai ta tashi, to mai gyaran wayoyin mota kake buƙata ya duba batir da wayar da aka ɗaure a jikin bodi.

Idan kebul da wuta sun kuɓuta, sai a ciro faifan a tambaye shi da kansa. Adafta mai kai IDE zuwa USB ita ce abu na farko da ya cancanci ka saya, tun kafin faifai. Ka jona shi da kwamfuta ka kasa kunne. Sautin juyawa mai laushi alama ce mai kyau. Ƙas-ƙas-ƙas a jere kamar agogon bango, ko ya fara juyawa ya tsaya ya sake farawa, wannan sai dai a yi maza a ceci abin da ke ciki. Faifai yana rubuta tarihin lafiyarsa a wani kundi da ake kira SMART, manhaja irin CrystalDiskInfo ko smartctl na karanta shi, muddin adaftar taka tana barin bayanin ya wuce, domin ba duka ke bari ba. Lambobi uku za ka duba. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, lamba 197 tana ƙirga waɗanda karatunsu ya gagara ana jiran hukuncinsu. Idan waɗannan biyun sun bar sifili suna hawa, faifai ya kama hanya. Lamba 199 kuwa kurakuran da suka faru ne a kan hanya tsakanin faifai da na'ura, idan ita kaɗai ce ta yi yawa, koma kan kebul.

Hattara da abu ɗaya a nan. Idan na'urarka mai Linux ce irin empeg, Windows ba zai gane tsarin faifan ba, sai ya fito maka da tambaya cikin ladabi ko kana so a yi masa fomatin. Ka ce a'a. Da yawa sun share tarin waƙoƙin shekara goma da danna maɓalli ɗaya. Wani lokaci ma duk matsalar ba ta wuce tsarin fayil da ya rikice ba saboda an yanke wuta ana tsakiyar rubutu, abin da fsck a Linux ko chkdsk a Windows ke gyarawa ba tare da ka sayi ko allura ba. Amma idan SMART ya nuna ciwo, kwafi ne farko kafin gyara. Manhajar GNU ddrescue na kwafe faifai gurbi bayan gurbi, ya tsallake wuraren da suka gagara ya dawo musu daga baya, kuma wannan kwafin ne za ka zuba a duk abin da ka saya. Ga masu na'urar da ta zo da mota wannan ba zaɓi ba ne, dole ne, saboda taswira da wani ɓangare na manhajar na'urar sukan zauna a faifan tare da waƙoƙi. Wasu kamfanonin ma sun kulle faifansu da kalmar sirri, ta yadda kwamfuta za ta gan shi amma ta kasa karanta komai. Bincika wannan game da taka kafin ka fitar da ko sisi.

To, a ce faifai ya tabbata ya mutu. Me za a saya?

Hanya mafi sauƙin tunani ita ce a maye shi da irinsa. Amfaninta ɗaya ne babba: na'ura za ta karɓe shi ba gardama, domin da irinsa aka haife ta. Matsalar ita ce an daɗe da daina ƙera faifan IDE. Duk wanda ka gani ana tallarsa a matsayin sabo, ko dai ya shekara da shekaru a sito, ko kuma daga tsohuwar laftof aka zaro shi aka goge masa ƙura. Lamba 9 a kundin SMART tana faɗin awowin da faifai ya yi yana aiki, ita za ta tona asiri, ko da yake masu wayo suna iya share ta. Ban ba da shawarar wannan hanya ba sai ga wanda na'urarsa ta ƙi komai sai faifai mai juyawa, kuma ko shi ɗin ya nemi na mota, ba na laftof ba.

Zaɓin da na fi karkata a kai shi ne SSD, wato ma'ajiya ta lantarki zalla irin ta filasha. Ba abin da ke juyawa a cikinsa, saboda haka rami da gargada ba ruwansa da su, ba ya jiran faranti ya ɗauki gudu, ba ya ƙara. Ana samun SSD mai mahaɗar IDE kai tsaye, amma ya yi ƙaranci. Abin da aka fi yi shi ne a sayi ƙaramin SSD nau'in mSATA a sa shi a cikin adafta mai haƙora 44, wadda kwansonta ya yi daidai da girman tsohon faifan har da ramukan kusoshi. Ita adaftar tana da ɗan ƙwaƙwalwa a jikinta mai fassara tsakanin yaren SATA da na IDE, sanannen cikinsu shi ne JM20330 na JMicron, kuma a wurin wannan tafintan ne ake samun saɓani. Wata na'urar za ta karɓa kamar da shi aka yi ta, wata ta ga faifan amma ta daskare a tsakiyar tashi. Idan taka mai faifai biyu ce a kebul ɗaya, tabbatar adaftar tana da wurin saita wane ne na farko wane ne na biyu, domin wasu ba sa yarda da maƙwabci. Kada ka biya kuɗin gudu. Tsohuwar hanyar IDE ba za ta iya cin ko rabin saurin SSD ba, kunna waƙa kuwa ba ya buƙatar ko kashi ɗaya cikin ɗari. Abin nema shi ne sunan kamfanin da aka sani da kuma mai sayarwar da zai karɓi kayansa idan ba su yi ba.

Katin CompactFlash, wanda SanDisk ya fito da shi a 1994, yana da wata baiwa da sauran ba su da ita: yaren IDE yake ji tun asali. Adaftarsa wayoyi ne kawai, babu tafinta a tsakani, don haka tsofaffin na'urori sun fi saurin amincewa da shi. Cikas ɗinsa biyu ne. Kowace gigabait ɗinsa ta fi ta SSD tsada, sannan katunan da aka yi don kyamara sukan gabatar da kansu a matsayin ma'ajiyar da ake cirewa, abin da wasu na'urori ba sa so. Na masana'antu su ne ke zama daram kamar faifai, kuma sun fi jure zafi. Idan waƙoƙinka ba su taka kara sun karya ba kuma na'urarka tsohuwa ce tukuf, wannan ya fi SSD kwanciyar hankali.

Adaftar katin SD zuwa IDE ita ce mafi arha, kuma ita na fi ɗari-ɗari da ita. Tafinta ne a tsakani, ga katin jabu ya yi yawa, wanda zai rubuta gigabait 128 a goshi alhali cikinsa bai kai 16 ba. In dai ita za ka bi, gwada katin da manhajar H2testw ko F3 ya cika shi tam ya karanta kafin ka yarda da shi.

Maganar girma kuwa, kwaɗayi ba ya da amfani. Na'urori da yawa na farkon shekarun 2000 ba sa ganin abin da ya wuce gigabait 137, iyaka ce ta tsohon tsarin lissafin gurabu mai bit 28, sai in an sabunta musu manhaja. Waɗanda suka zo da mota kuma sukan tsaya a kan girman da kamfani ya yanka wa waƙa ko da ka ninka faifan. Yi lissafi ma ka gani: waƙar minti huɗu a MP3 mafi inganci, mai kilobit 320, ba ta wuce megabait 10 ba. Gigabait 64 zai ɗauki sama da 6,000. Sai mai tara FLAC, wato waƙoƙin da ba a rage musu inganci ba, ne ke da hujjar neman fiye da haka.

Akwai kuma wanda ya kamata ya haƙura da tiyatar baki ɗaya. Idan waƙa kaɗai faifan ke riƙewa, rediyo da sauran abubuwa na aiki ba tare da shi ba, kuma na'urar tana da ramin USB ko na AUX, to filasha mai tsarin FAT32 ko ɗan makarɓin Bluetooth ya kashe magana. Mai watsa sauti ta zangon FM shi ne na ƙarshe a layi, sautinsa kan zo da shuu, musamman a cikin gari inda tashoshi suka cunkushe.

Ko me ka zaɓa, ranar ɗaurawa ka cire wayar batir tukuna, ka ɗauki hoton yadda tsohon faifan ke zaune kafin ka taɓa shi. A gefen haƙora 44 ɗin nan akwai wasu huɗu a ware, na saiti ne, kebul ba ya hawa kansu. Wuta ta cikin wannan mahaɗar take bi, don haka idan ka goce da layi ɗaya ko ka kifa kebul ɗin, bolt 5 zai shiga inda bai kamata ba, ka ƙone sabon kaya tun bai rera baiti ɗaya ba. Jan layin da ke gefen kebul shi ke nuna haƙori na farko. Kada ka rufe dashbod ranar. Bar na'urar a zare, ka kashe ka kunna sau goma, mota da sanyi da kuma bayan ta yi zafi, ka bi da ita ta hanyar da ta fi kowace gargada a inda kake, sannan ka ɗaure kusoshi.