Gargaɗi ga Masu Kallon Ƙwallo a Jos: Hattara da Masu Sayar da Sakamakon Wasan Ƙarshe

Duk shekara idan wasan ƙarshe na Kofin FA na Ingila ya gabato, wasu mutane kan ɓullo a WhatsApp da Telegram da Facebook suna iƙirarin cewa an riga an shirya yadda wasan zai tashi, kuma sakamakon yana hannunsu, za su ba duk wanda ya biya. Abin ya fi ƙamari a shekarar da manyan abokan hamayya suka haɗu, domin a lokacin ne gidajen kallo daga Unguwar Rogo zuwa Gangare da Dilimi suke cika maƙil, musu yana tashi tun saura mako guda. Wannan damfara ce tsagwaronta, kuma samarinmu da dama a Jos suna faɗawa cikinta.

Yawanci mutum yakan wayi gari ne ya ga an saka lambarsa a wani zaure ba tare da an tambaye shi ba. Cikin zauren za a yi ta zubo hotunan tikitin caca da aka ce an ci, da hotunan alat na banki, da saƙonnin murya na wasu da ke rantsuwa cewa jiya-jiyan nan suka kwashi kuɗi. Mai zauren zai ce yana da wani babba a Landan wanda ke tare da alƙalin wasa, ya yanka kuɗin rajista, sannan ya ƙara da cewa saura gurbi kaɗan a rufe. Hotunan nan da manhajar gyaran hoto ake haɗa su, kuma masu yabon galibi shi ne da kansa da wasu layukan waya, ko kuwa yaransa.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne wani lokaci abin da ya faɗa yakan tabbata, kuma a nan dabarar take. A ɗauka, alal misali, yana da mutum 1,000. Sai ya raba su gida goma, ya ba gida na farko ci ɗaya da nema, na biyu ci biyu da ɗaya, na uku kunnen doki, haka har ya ƙare sakamakon da aka fi samu a wasannin ƙarshe. Idan aka tashi wasa, da wuya a rasa gida ɗaya da ya dace, kuma waɗannan mutum 100 ba su san da sauran 900 da aka toshe lambobinsu ba. Su a ganinsu sun samu masani, don haka a wasa na gaba za su biya ninki, su kuma jawo abokansu da bakinsu. Ku dubi wasannin ƙarshe biyu da ƙungiyoyin Manchester suka yi a Wembley. A 2023 City ta ci United biyu da ɗaya, inda Gundogan ya jefa ƙwallon farko cikin daƙiƙa 12 kacal. A 2024 United ta rama da biyu da ɗaya ta ƙafar Garnacho da Mainoo, alhali yawancin masu sharhi City suka ba nasara. Ɗan damfarar da ya ba rabin mutanensa biyu da ɗaya ta nan, rabi biyu da ɗaya ta can, a kowace shekara zai samu waɗanda za su rantse da gaskiyarsa, ba tare da ya san komai ba.

Wanda bai dace ba, idan ba a toshe shi nan take ba, za a ce masa alƙalin wasa ne ya saɓa alkawari a minti na ƙarshe, ya ƙaro wani abu a saka shi cikin zauren manya inda ba a kuskure. Sunan da ke kan asusun da ake turawa yakan bambanta da sunan mai magana, kuma yana sauyawa daga mako zuwa mako. Wasu kan ce za su mayar da kuɗin, amma sai an ba su lambar BVN da lambar sirri da banki ke turowa a waya, wanda kuwa ya bayar, abin da ya rage a asusunsa ma ya tafi. Bayan kwana biyu wani kuma zai bayyana a matsayin jami'in da ke ƙwato kuɗin waɗanda aka cuta, shi ma da nasa kuɗin aiki.

Na san abin da ke sa maganar ke shiga kunnen mutanen Jos, domin mun taɓa ganin wasan da aka shirya da gaske. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, abin da ya zagaya duniya, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta kuma haramta wa 'yan wasan taka leda har abada. Amma a lura da inda abin ya faru: ƙaramin mataki ne, babu kyamarorin talabijin, babu kuɗin kirki, kuma duk da haka asiri ya tonu nan da nan. Wembley kuwa fili ne mai ɗaukar mutum 90,000, ana nuna wasan a faɗin duniya, akwai alƙalan bidiyo, 'yan wasan suna karɓar dubban fam a mako, kamfanonin cacar kansu suna sa ido kan duk kuɗin da ya taru wuri guda ba bisa al'ada ba. Ko a 2025 Crystal Palace ce ta doke City da ci ɗaya, ta ɗauki babban kofinta na farko a tarihi. Mutumin da ya san wannan tun kafin a busa usur, me zai kai shi bin ɗan acaɓa a Farin Gada yana roƙon 'yan dubbai? Da kansa zai zuba dukiyarsa ya yi shiru, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma ɗan koren da ke zaune tare da mu. Za ka gan shi a bencin baya na gidan kallo lokacin hutun rabin lokaci, yana miƙa waya mai fasasshen gilashi ga na kusa da shi, yana cewa a hankali, "Malam, dubi abin da na ci jiya, in kana so in haɗa ka da mutumin." Wani kamasho yake karɓa a kan kowane kai, wani kuma shi ma cikin gidan da ya dace yake, bai san ana amfani da shi ba.

Babban makamin waɗannan mutane shi ne kunya. Sun san caca haramun ce a addini, abin ƙyama ce a gida, don haka yaron da ya tura kuɗin makaranta ko jarin shagon ubangidansa ba zai iya buɗe baki ya gaya wa mahaifinsa ba, balle ya je wurin hukuma. A ganina wannan shirun ya fi asarar farko illa, saboda shi ne ke kai yaro ga cin bashi don ya mayar da abin da ya rasa. Wanda abin ya riga ya shafa kada ya goge saƙonnin, ya adana lambar asusun da rasitin mai POS, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi kuɗin wani ta hanyar yaudara, sai dai kuɗin da aka riga aka cire ba kasafai suke dawowa ba. Masu gidajen kallo kuma suna da ikon hana irin wannan talla a rumfarsu, kuma ya kamata su faɗa da babbar murya kafin a kunna janareta ranar wasan.