Man clotrimazole: inda ya yi mini aiki da inda ya tsaya

A kemis ɗin unguwa duk wani ƙaiƙayin al'aura sunansa "sanyi", kuma da wannan sunan aka miƙo mini man shafawa na clotrimazole mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 lokacin da kan gabana ya yi ja, yana ƙaiƙayi, yana kuma raɗaɗi bayan tsarki. Man fari ne, ba shi da wari, ba ya ɓata wando, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na riƙa shafawa safe da dare bayan na wanke wurin da ruwa zalla na tsane shi, kafin mako ya zagayo ƙaiƙayin ya lafa, amma na cika makonni biyu kamar yadda aka umarce ni. A wannan karon ba ni da abin kushewa, sai dai mai aure ya sani cewa man yana raunana kororon roba.

Bayan wata uku abin ya dawo, kuma a nan ne na gane iyakarsa. Na shafa, na haɗiyi maganin sha na fluconazole mai 150mg, sauƙin bai wuce na kwana biyu ba. Likitan da na gani ya sa aka dangwali wurin da auduga aka kai ɗakin gwaji, aka reni ƙwayar cutar na 'yan kwanaki, sakamako ya nuna wata ƙwayar cuta nau'in fungus ce mai suna Candida glabrata. Ita wannan 'yar uwar Candida albicans ce, wadda ta fi yawan haddasa matsalar, sai dai ita glabrata ba ta cika jin fluconazole da danginsa irin su clotrimazole ba, akwai ma Candida krusei da fluconazole ba ya taɓa ta tun asali. Da ido ba a iya bambance su, domin ja da ƙaiƙayin duk iri ɗaya ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tambayar da likitan ya yi: "Malam, yaushe rabonka da auna suga?" Ya ce namiji mai kaciya bai cika samun wannan ciwo ba, saboda haka idan yana maimaituwa sai a duba ciwon suga, tunda fitsari mai zaƙi abinci ne ga ƙwayar. Aka auna ni da safe ban karya ba, sugan ya haura 126mg/dL, wato ma'aunin da ke nuna ciwon suga, aka sake aunawa wata rana ya tabbata. Ya sauya mini zuwa wani maganin daban mai suna nystatin, ya ce iyalina ma a duba ta, ya kuma hana ni taɓa mayukan nan masu haɗin betamethasone da ake tallatawa a matsayin maganin komai, domin suna kwantar da ƙaiƙayi alhali ƙwayar na ci gaba da yaɗuwa, fatar wurin kuma na yin siriri.

Har yanzu ina ajiye da clotrimazole a gida, kuma zan iya ba wani shawarar ya fara da shi, amma bututu ɗaya kawai, idan makonni biyu suka wuce ba sauyi sai ya nufi asibiti.